Mazurarin Wuya: Jiyyar Kyanwa da Kare Bayan Aikin Hana Haihuwa



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda za su yi mamakin a ce an tara mutane a jami'a domin a yi musu lacca a kan wata 'yar roba da ake ɗaura wa kyanwa ko kare a wuya. Ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Abin da nake so in tabbatar muku abu ɗaya ne, watau aikin da likitan dabbobi ke yi na hana dabba haihuwa yawanci ba ya kai sa'a ɗaya, amma warkewar raunin kan ci kwana 10 zuwa 14, kuma waɗannan kwanaki a hannun mai dabba suke. A cikinsu ne ake cin ribar aikin ko kuwa a yi asararsa. Sau da yawa kuwa abin da ke jawo asarar shi ne tausayin da aka yi ba bisa sani ba, inda mai dabba zai kwance mata abin da aka ɗaura mata a wuya domin ya ga ta shiga damuwa.

Kyanwa da Kare a Fagge da Sabon Gari

Bari mu fara daga Kantin Kwari, da ke cikin Fagge, wadda ake lasaftawa cikin manyan kasuwannin yadi na Afirka ta Yamma. Duk wanda ya taɓa shiga sito inda aka jibge dilolin atamfa da shadda da leshi ya san babban abokin gaban mai kaya, in an ɗebe wuta da ruwa, shi ne ɓera. Huda ɗaya da ɓera zai yi wa turmin atamfa ta isa ta karya masa daraja. In an zuba guba, ɓeran yakan je ya mutu a tsakanin kaya, ya ruɓe, ya bar wari da tabo. Saboda haka wasu masu kaya suka gwammace su bar kyanwa ta zauna a sito, su riƙa jefa mata abinci, ita kuwa ta biya su da farauta.

In muka ƙetara zuwa Sabon Gari, unguwar da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, sai mu tarar kare ne a gaba. Ana ajiye shi domin gadin gidaje da garejoji da wuraren ajiyar kaya. Haka kuma mafarauta da makiyaya sun daɗe suna riƙon karnuka. Ashe ke nan a wurinmu waɗannan dabbobi ma'aikata ne masu amfani, kuma wanda ya ci amfanin ma'aikaci lalle akwai haƙƙinsa a kansa.

Matsalar ita ce yawan haihuwa. Kyanwa kan iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin nata kuwa kwana 63 zuwa 65 ne, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Karya ita ma cikinta kimanin kwana 63 ne, kuma yawanci sau biyu take neman namiji a shekara. Kowa a nan ya san makomar yawancin 'ya'yan. Yara ake ba su a kwali su kai juji ko bakin kwata. Waɗanda suka rayu su ne ke zama dabbobin titi marasa mai su, marasa allurar rigakafi.

Mene ne Aikin?

Dandaƙa ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe. Mun san taure, mun san dandaƙaƙƙen sa da rago. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta dandaƙar tumaki saboda gyaran namansu, ya kuma ambaci hani game da dawaki. Game da kyanwa da kare kuwa malamai sun yi saɓani, wasu sun hana, wasu sun yarda in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Wannan fage na malamai ne, na bar musu. Abin da ya shafe mu a yau shi ne abin da ke biyo baya in an riga an yi aikin.

Ya kamata a lura cewa aikin likitancin dabbobi na zamani a ƙasar nan saboda shanu ya kafu. An buɗe cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, a 1924, babban abin da aka sa a gaba kuwa shi ne cutar bushiya, wadda sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya. Tsangayar koyar da likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta soma aiki a shekarun 1960. Kula da kyanwa da kare daga baya ya zo, shi ya sa har yanzu jama'a ba su san ƙa'idojinsa kamar yadda suka san na shanu da awaki ba.

Aikin iri biyu ne. Ga namiji, ana yi masa allurar barci, a yi 'yar ƙaramar tsaga, a cire 'ya'yan maraina. Ga mace kuwa aikin ya fi girma, domin sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, sa'an nan a ɗinke hawa hawa: bangon ciki, da abin da ke ƙarƙashin fata, da fatar kanta. Wannan ɗinki shi kaɗai ne ke tsakanin hanjin dabbar da ƙasa har ran da naman ya haɗe.

Amfanin aikin bai tsaya ga hana haihuwa ba. Yana kawar da cutar taruwar mugunya a mahaifa, wadda kan kashe tsofaffin karnuka mata. Yana rage haɗarin ciwon dajin nono in an yi shi da wuri. Yana rage yawon namiji da faɗace-faɗacensa. Ga ɗan kasuwar Kwari kuma akwai wani amfani na musamman: muzuru yakan fesa fitsari a jikin kaya domin ya shata iyakar wurinsa, warin kuwa ba ya fita daga yadi da sauƙi, kuma dandaƙa kan rage wannan hali ƙwarai. Masu tsoron cewa kyanwar da aka yi wa aiki za ta daina kamun ɓera su kwantar da hankalinsu, domin farauta ba ta da alaƙa da sha'awar barbara. Sai dai a kula, wannan aiki ba ya maye gurbin allurar rigakafin haukan kare. Ita dabam take, kuma tilas ce.

Shin Yawun Dabba Magani Ne?

Yawancinmu mun tashi da jin cewa kare da kansa yake warkar da mikinsa, domin yawunsa magani ne. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar. A cikin yawu akwai wasu sinadarai, kamar wanda ake kira lisozayim, masu kashe wasu ƙwayoyin cuta, kuma lasa kan share datti daga ƙaramar ƙujewa. Amma bakin da ke ɗauke da wannan sinadari shi ne kuma ke ɗauke da ɗimbin ƙwayoyin cuta, irin su Fasturela, wadda ita ce ke sa cizon kyanwa ya kumbura ya yi mugunya cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku tuna kuma inda bakin kare ke shiga a yini guda.

Bayan wannan akwai ɓarnar da harshe da haƙori ke yi. Harshen kyanwa cike yake da 'yan ƙayoyi masu lanƙwasa, irin abin da aka yi farce da shi, shi ya sa yake da kaushi kamar magagari. In ta dinga goga shi a kan ɗinki, sai ya jiƙa fatar, ya saɓule ta, ya sassauta ƙullin zaren. Haƙoran gaba kuwa suna tsinke zare cikin 'yan mintoci kaɗan.

Domin a gane haɗarin, sai a san yadda rauni ke warkewa. A kwanaki uku na farko wurin yakan ɗan kumbura ya yi ja, jiki yana share shi, kuma a lokacin zare ne kawai ke riƙe da bakin raunin. Daga nan jiki ya soma saƙa wani irin zare nasa na kansa, wanda masana ke kira kolajin, yana haɗa ɓangarorin biyu. Saƙar tana tafiya a hankali. Bayan mako uku ma ƙarfin wurin bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, kuma ko bayan watanni ba ya wuce kimanin kashi 80. Wani abin lura kuma shi ne, a daidai lokacin da saƙar ta kankama, gashin da aka aske ya soma tsirowa, a nan ne ƙaiƙayi ke tsananta. Watau ran da mai dabba ya ga ta warware tana wasa, har ya ce ai ta warke, ran nan ne ta fi son kai baki wurin.

In ɗinkin mace ya tsinke har bangon ciki ya buɗe, kitsen ciki ko hanji na iya fitowa waje, dabbar kuwa takan ci gaba da tauna abin da ya fito. Wannan mutuwa ce in ba a kai ta asibiti nan take ba. Ko da bai kai haka ba, buɗaɗɗen rauni a garinmu yana gayyatar ƙuda, musamman da damina, ƙuda kuwa ya yi ƙwai, tsutsa ta shiga. Da hunturu kuma ga ƙura. Ƙarshenta sai an sake allurar barci, an sake ɗinki, an sake biyan kuɗi, dabbar kuma ta sake shan wahalar da ta fi ta farko.

Mazurarin Wuya

Abin da likitoci ke amfani da shi domin hana wannan ɓarna wata roba ce mai lanƙwasuwa, wadda ake naɗewa ta yi siffar mazurari, irin wanda masu sayar da kananzir ko man gyaɗa ke amfani da shi. Ƙaramin bakin yana kewaye wuya, babban bakin kuwa yana buɗewa gaba ya kewaye kai. Dabbar tana iya numfashi da ci da sha, amma bakinta ba ya kaiwa ga jikinta. Saboda siffarsa na kira shi mazurarin wuya.

Turawa suna danganta sunansa ga Sarauniya Elizabeth ta Farko, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, saboda faffaɗan wuyan riga mai taurin sitaci da manyan mutanen zamaninta ke sawa. Kada a haɗa ta da Sarauniya Elizabeth ta Biyu da ta ziyarci ƙasar nan a 1956. A Amurka wani mai suna Frank L. Johnson ya nemi rajistar mallakar irin wannan abin wuya a 1959, aka ba shi a 1962. Amma dabarar ta girme shi, domin likitocin dawaki sun daɗe suna jera sanduna a kewayen wuyan doki don kada ya juya ya ciji rauninsa.

Mai tambaya zai ce, me ya hana a sa takunkumi, wanda muka riga muka sani? Amsa ita ce takunkumi na ɗan lokaci ne. Yana hana ci da sha, kuma mafi haɗari yana hana haki. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A Kano kuwa, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ɗaure wa kare baki na tsawon yini na iya kashe shi.

Wahalar da Dabba ke Sha

Ba zan ɓoye muku ba, mazurarin nan wahala ne ga dabba, kuma mai dabbar da ya ji tausayinta bai yi kuskure wajen ganin wahalar ba. A 2020 masu bincike na Jami'ar Sidney ta ƙasar Ostireliya sun buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 434 waɗanda karnukansu ko kyanwoyinsu suka sa shi. Kimanin kashi 77 cikin 100 sun ce jin daɗin dabbar ya ragu muddin tana sanye da shi. Kimanin kashi 60 sun ce ta sha wuya wajen shan ruwa, kimanin kashi 25 kuwa sun ba da labarin 'yan raunuka da abin ya jawo, kamar gurjewar wuya da karo da kaya.

Dalilan a fili suke. Mazurarin yana tare gani ta gefe, dabbar ba ta ganin abin da ke zuwa sai ya iso gabanta. Yana tattara ƙara ya zuba mata a kunne. Yana tokare ƙasa in ta sunkuya za ta sansana, alhali da hanci kare ke sanin duniyarsa. Ga kyanwa abin ya fi tsanani, domin da gashin bakinta take auna faɗin kafar da za ta bi, kuma lasar jiki wani babban sashe ne na yininta. Shi ya sa za ku ga wata ta daskare wuri ɗaya, wata tana ja da baya kamar mai son fita daga rami, wata ta ƙi cin abinci. Yawancinsu dai sukan saba cikin kwana ɗaya zuwa uku.

To, sai mu auna. A hannu ɗaya ga takura ta mako biyu, wadda mafi tsananinta kwana biyu ko uku ne na farko. A ɗaya hannun ga buɗewar ciki da tsutsa da sake tiyata. Wanda ya kwance mazurari a daren farko domin kukan dabba ya hana shi barci, garin neman gira ne zai rasa ido.

Yadda Za a Sauƙaƙa Mata

Tun da ba za a cire ba, wajibi ne a rage wahalar. Da farko a duba girman abin. Ya kasance yatsu biyu suna shiga tsakaninsa da wuya, bakinsa kuma ya ɗan zarce ƙarshen hanci. In ya gaza haka, harshe zai kai ga raunin, an takura dabba ke nan a banza.

Na biyu, ci da sha. A zuba abinci da ruwa a ƙaramin kwano wanda zai shige cikin bakin mazurarin, ko a faranti marar zurfi, a ɗora shi kan bulo, a kuma janye shi daga jikin bango. A tabbata an ga dabbar ta sha ruwa da idon mutum. In ta ƙi ci sam, ana iya cire mata na ɗan lokacin cin abinci, bisa sharaɗin mutum yana tsaye a kanta, ya kuma mayar da zarar ta gama. Da dare ne da lokacin da ba kowa aka fi bukatarsa.

Na uku, wurin zama. Dabbar da ke sanye da mazurari ba ta fita yawo. Ba ta ganin mota ko babur ta gefe, ba ta iya kare kanta daga wata dabba, kuma abin yana iya maƙalewa a waya ko shinge ya shaƙe ta. Kyanwar sito kada a mayar da ita sito a kulle, inda za ta yi ta tsalle kan diloli ba mai ganinta har wayewar gari. A kai ta gida, a ba ta ɗaki mai inuwa da iska, da kwanon yashi na bayan gida. Karen gadi shi ma a ba shi hutu, a raba shi da rana, domin roba tana tara zafi a kewayen kai. A kuma ja wa yara kunne kada su mai da shi abin wasa.

Na huɗu, a duba raunin safe da yamma. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Amma in an ga mugunya, ko wari, ko jini mai ɗiga, ko bakin raunin ya buɗe, ko dabbar ta yini ta kwana ba ta ci ba, a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba. Yawan neman lasa kan zama alamar zafi, likita kuwa yana da maganin da ya dace. Kada a ba dabba maganin mutane. Farasitamol, wanda ke kowane gida, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Kada kuma a shafa wa raunin baƙin mai, ko toka, ko maganin wanke ɗaki irin wanda ke mai da ruwa fari, domin shi ma guba ne ga kyanwa.

Na biyar, in ba a sami na kanti ba, ana iya yin na gida. Ga kare, a yanke gindin bokitin roba mai sauƙi, a naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya yanke shi, a huda ramuka a ɗaura shi ga abin wuyansa. Ga kyanwa, kwali mai ƙwari ya isa, sai dai a sauya shi in ya jiƙe. Akwai kuma wata dabara da ta dace da mutanen Fagge, inda yadi da teloli ba su da wuya: a ɗinka wa dabbar 'yar riga ta auduga mai miƙewa, wadda za ta rufe ciki, a ɗaure ta ta baya, a bar kafar ƙafafu da ta bayan gida. Kyanwa mace takan fi jure wannan. Amma riga ba ta rufe raunin namiji sosai, kare mai naci kuma yakan tauna ta, kuma tilas ta kasance a bushe, a riƙa sauyawa. A nuna wa likita kafin a dogara da ita. Shi ne kuma zai faɗi ranar cirewa, domin muzuru, wanda sau da yawa ba a ma yi masa ɗinki, yakan riga mace warkewa.

Kammalawa

Jama'a, a cikin hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Darasin da ke ciki ya shafi maganarmu kai tsaye. Wanda ya kai dabba aka yanka cikinta, sa'an nan ya ɗaura mata abin da ya rage mata gani da ci da kare kai, ya ɗauke mata ikon kula da kanta na mako biyu, saboda haka kulawar ta koma wuyansa gaba ɗaya.

Ga ma'aikatan da ke asibitocin dabbobi, ina ba da shawara a riƙa ɗaukar mazurarin wuya a matsayin wani sashe na aikin, a ɗaura shi tun kafin dabbar ta bar asibiti, a kuma yi wa mai ita bayani da Hausa dalla-dalla, har da gargaɗin cewa kwanakin farko za su yi wuya. Mutumin da aka gaya wa abin da zai gani ba ya firgita in ya gan shi. Ga ɗalibai kuwa, akwai aikin yi: a gwada kayan da muke da su a kasuwanninmu, a gano irin mazurari ko rigar da ta fi dacewa da zafin ƙasarmu da aljihun mutanenmu. Ga mai dabba, abin da ake nema gare shi haƙuri ne na kwana 14 da duba sau biyu a yini.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da ya damƙa a hannunmu, amin.